Daren 3 ga Yuni a bakin Odaw: wa ya biya kuɗin ambaliyar Akra?

Ranar Laraba ce, 3 ga Yunin 2015, ana tsakiyar Sha'aban, saura mako biyu a kama azumi. Tun farkon makon ake samun ruwa a Akra, babban birnin Gana, ƙasa ta riga ta sha ta ƙoshi. Da yamma hadari ya sake haɗowa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai da dare ya yi nisa. Abin da masu auna ruwan sama suka rubuta na wannan rana ya haura milimita 200, alhali duk abin da birnin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba. Wato rubu'in ruwan shekara guda ya sauka cikin 'yan sa'o'i.

A shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, lokacin ana tsaka da aikin gadar sama. Nan ce mahaɗar motocin gari. Mai zuwa Nima, mai zuwa Kaneshie, mai zuwa Achimota, mai jiran motar Kumasi, duk ta nan ake bi. Da hanya ta toshe, trotro, wato ƙananan motocin haya, suka tsaya cak, jama'a suka shiga neman mafaka, da yawa suka fake a ƙarƙashin rumfar gidan man GOIL da ke wurin. Ruwa ya yi ta hawa har ya kai ga ma'ajiyar man da ke ƙarƙashin ƙasa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso ya malale a samansa, ya bi shi duk inda ya nufa. Wuta ta kama daga can gefe, ta biyo man a kan ruwa har ta iso rumfar. Wanda ke tsaye cikin ruwa iya ƙirji ina ya ga ta gudu? Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce mutum 154 suka rasu, ya kuma danganta tashin wutar da guntun sigari da wani ya yar. Shugaba John Dramani Mahama ya ayyana kwana uku na makoki. An kwashi gawarwaki da masu ƙuna zuwa Asibitin Soja na 37 da Korle Bu da wasu asibitocin, wasu gawarwakin ko danginsu ba su iya shaida su ba. Allah ya jiƙansu.

Wutar ce ta tsaya wa mutane a rai, kuma ta isa ta tsaya. Sai dai ita sau ɗaya ta zo. Ruwan kuwa ya zo a 1995, ya zo a 2001, ya zo a Oktoban 2011, bayan 2015 ma da wuya a yi damina bai leƙo ba. Shi ya sa wannan nazari ya fi karkata ga ruwan: ta ina yake bi, ɗakin wa yake shiga, kuma idan ya janye, wa ake bari da biyan ɓarnar.

Hanyar da ruwan ke bi

Akra shimfiɗe take tsakanin tsaunukan Akwapim a arewa da teku a kudu. Ruwan da ya sauka a tsakiyar birnin da arewacinsa, mafi yawansa hanya ɗaya gare shi, kogin Odaw. Yana gangarowa daga wajen Abokobi, ya ratsa Haatso da Achimota, ya wuce Alajo da Avenor, ya kutsa ta Circle, ya bi gefen Agbogbloshie ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. A hanya ƙananan rafuka na juye masa nasu, ciki har da Onyasia da babbar gotar nan da ta ratsa Nima da Mamobi, wadda asalinta rafi ne kafin gari ya cinye shi. Faɗin ƙasar da ke zuba wa Odaw ruwa ya kai murabba'in kilomita 270 ko kusa da haka.

A zamanin kakanninmu, yawancin wannan ƙasa ta sama daji ne da gonaki. Idan ruwa ya sauka, ƙasa ta shanye abin da za ta shanye, ciyawa ta riƙe saura, ya gangaro a hankali. Ƙidayar 2021 ta sami mutum sama da miliyan 5.4 a Babban Yankin Akra. An yanka filaye an sayar, an rufa kwano, an malale tsakar gida da siminti ko an shimfiɗa tayil, an zagaye da katanga, an huda ƙasan katangar an sa bututu yana zubar da ruwa waje. A wajen mai gidan, gyara ya yi, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma ruwan da a da yake kwana a ƙasar Haatso ko Dome, yanzu nan da nan yake isowa Alajo, kuma na dubban gidaje a lokaci guda yake isowa.

Ba ruwa kaɗai ke zuwa ba. Titunan unguwannin sama da yawa ba kwalta, kowane ruwa sai ya kwaso yashi da jar ƙasa. Muddin akwai gangara yana tafe da su, da zarar ƙasa ta baje daga wajen Alajo zuwa teku sai ya yi sanyi ya sauke kayansa. Magudanar da aka gina mai zurfi sai ka ga ta cike har ciyawa ta fito a tsakiyarta, awaki na kiwo. A kan yashin ga ledar ruwan sha, ga robar abinci, ga tsumma, ga tsohuwar katifa, duk su taru a gindin gada su yi madatsa. Idan kuma aka yi rashin sa'a teku ta cika a daidai lokacin, bakin Korle ba ya iya fitar da ruwa da sauri, sai ya riƙa komowa baya.

Maganar shara ba za a ɓoye ta ba. Duk wanda ya tashi a zango ya san akwai gidajen da ke jiran ruwa ya fara, a aiki yaro da bokitin shara ya juye a gota, wai ruwa ya tafi da ita. Mummunar al'ada ce, limamai sun yi huɗuba a kanta har sun gaji. Amma a tambaya, ina motar shara za ta bi a lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa? Mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ke shiga kuwa kuɗi yake karɓa a kowane zuwa. Duk da haka, idan jami'i ya hau rediyo ya ɗora dukan ambaliyar Akra a kan ledar talaka, ya tsallake yashi da siminti da takardun izinin gini da ofishinsa ya sa wa hannu, an bar jaki ana dukan taiki.

Ɗaki ɗaya a gidan haya

A ɗauki gida irin wanda ya cika Alajo da gangaren Nima da Kotobabi: gidan haya mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. A ɗaki guda akwai tela da matarsa mai koko da ƙosai da 'ya'yansu. Duk abin da suka mallaka a duniya yana cikin ɗakin nan, kuma mafi yawansa a ƙasa yake, don ba wurin rataya. Katifa a ƙasa. Buhun gero da na wake a bayan ƙofa. Gawayi a baranda. Firji, akwatin zannuwan da uwar gida ta tara tun na aure, ledar da aka cusa takardun haihuwa da katin inshorar lafiya da sakamakon jarrabawar yara, duk ba wanda ya kai gwiwa daga ƙasa. Keken ɗinki na gefe, a kansa yadikan mutane, domin masu dabara tun kafin azumi suke kai ɗinkin Sallah.

Ruwan da dare yake zuwa, galibi ba wuta. Kuma ba ta ƙofa kaɗai yake shigowa ba, ta makwararar wanka yake fara ɓullowa, baƙi ƙirin, da warin gota da na bayan gida. Kafin a farka a laluba tocila ya shafe katifa. Abin da ake fara ɗauka yara ne, a ɗora su a kan kabad ko a miƙa su rufin kwano, sai tsohuwar da ba ta iya tafiya. Wanda ya tsaya ceton firji yana iya rasa ransa. Da gari ya waye ruwa ya janye, ya bar laka mai santsi da layi a jikin bango, shaidar inda ya tsaya.

Daga nan asarar ke fara tafiya, kuma tafiyarta ta fi ta ruwan tsawo. Geron da ya jiƙa da ruwan gota ba ya kokuwa, waken ya kumbura, gawayin ya bi ruwa. Mai koko ba ta da jari sai wannan, ribar jiya ce ke sayen geron yau. Ko da za ta sami bashi a wajen mai awo, kwanakin da za ta yi tana kwasar laka da wankin tsumma kwanaki ne da ba ta kafa tukunya ba, masu sayenta kuma ba za su zauna da yunwa suna jiranta ba, gaba za su yi. Telan nasa ya fi muni, don abin da ya lalace a hannunsa ba nasa ba ne. Wani zai ce, "Malam, ƙaddara ce, na yafe." Wata kuwa shadda ce da ta yi wata da watanni tana tara kuɗinta, ba za ta iya yafewa ba, kuma ba za a ga laifinta ba. Ya wayi gari ba keke mai aiki, ga bashi.

Sati biyu bayan haka sauro ya ƙyanƙyashe a kowane kwatami, zazzaɓi ya shigo, yara na gudawa, ƙafafun manya sun yi ƙaiƙayi saboda tsayuwa cikin ruwa. Katin asibiti ya narke, sai an sake bin layi. Zubin adashi ya zo ba a yi ba. Littattafan makaranta sun zama dunƙule. A ƙarshe a sayar da abin da ya tsira, waya ko ɗan kunnen zinariya, a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, don mai saye ya san an matsu. Inshora kuwa ba a maganarta a irin wannan gida. A Gana baki ɗaya abin da ake zubawa a inshora bai kai kashi 2 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, kuma mafi yawansa na motoci ne da kamfanoni da ma'aikatan albashi.

Tambayar da na waje ke yi kullum ita ce, to me ya sa ba za su tashi ba? Na sha jin saurayi ya dawo daga karatu yana yi wa mahaifiyarsa wannan magana: "Mma, ku bar gidan nan mana, kullum sai ruwa ya ci ku?" Amsar ba ta canzawa: "Ɗana, in tashi in je ina? Kuɗin shekara biyu na ba mai gida, wa zai mayar mini?"

A cikin amsar nan rabin matsalar take. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a Akra kowa ya san sai ka dire na shekara ɗaya ko biyu kafin a ba ka makulli. Iyali sun yi adashi, sun ci bashi, sun haɗa wannan kuɗi sun miƙa. Ruwa ya shigo a wata na huɗu. Mai gida ba zai mayar ba, ya riga ya kashe. Sabon ɗaki a kan tudu kuma yana neman nasa na shekara biyu, daga mutanen da jiya-jiya ruwa ya cinye musu jari. Ga shi kuma ɗakin gangare ya fi araha ne saboda kowa ya san ruwa na shigarsa, kuma yana kusa da inda ake samun na abinci: Circle, Makola, kasuwar Nima, Agbogbloshie. Wanda ya koma Kasoa ko Amasaman ya tsira daga Odaw, amma kuɗin trotro da awannin da zai yi a hanya za su cinye ribarsa. Mutanen nan ba jahilai ba ne. Lissafi suka yi, lissafin ya ba su gangare.

Abin da suke iya yi shi ne ɗaga dokin ƙofa. Duk wanda ya shiga waɗannan lunguna zai ga ƙofofin da aka gina wa bulo biyu ko uku a baki, aka shafe da siminti, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka sannan ka sauka cikin ɗaki kamar mai shiga rami. Tsofaffi sai an kama musu hannu. Yana taimakawa a ƙaramin ruwa. Sai dai ruwan da bai shiga ɗakinka ba na maƙwabcin da bai sami kuɗin bulo ba zai shiga, shi ma badi ya ɗaga nasa ya fi naka. A babban ruwa kuma, idan ya tsallake bulon ya shiga, ba ta inda zai fita, sai an kwashe shi da bokiti.

Unguwa

Zango na da abin da yake taƙama da shi, kuma ranar ambaliya ake ganinsa. Tun kafin wata hukuma ta iso, samari sun shiga ruwa suna fito da mutane. An buɗe masallatai da makarantun Islamiyya, wanda ɗakinsa ya bushe ya ɗauki 'ya'yan maƙwabci, mata sun haɗa tukunya ɗaya. 'Yan'uwa da ke Amurka da Jamus da Italiya sun fara turo abin da ya sawwaƙa. Daga baya NADMO, hukumar agajin gaggawa da aka kafa a 1996, takan zo da katifu da barguna da shinkafa da gidan sauro. Wajen rubuta sunaye ake samun tangarɗa. Gida mai ɗaki goma sha biyu sai a rubuta shi gida ɗaya, da sunan mai gidan da wataƙila ba a nan yake kwana ba. Rigimar da rabon katifa ke haddasawa takan daɗe fiye da katifar.

Zumunci kuma yana da iyaka, iyakar da ba mu cika son faɗa ba. Adashi da gudummawar biki da ta rasuwa duk an gina su ne a kan cewa yau kai ne, gobe wani. Idan gobara ta ci ɗaki ɗaya, mutum ashirin sun isa su tayar da shi. Ambaliya kuwa dukan ashirin ɗin take bugewa a dare ɗaya. Uwar adashi da kanta tana shanya katifa. Mai awon da zai ba da bashi, shagonsa ya sha ruwa. Dabarar da ta riƙe talakan birni shekara da shekaru a daidai ranar da aka fi buƙatarta take gazawa.

Ga kuma tsoron cuta. Shekara guda kafin wannan ambaliya, a 2014, kwalara ta kama mutum kusan 29,000 a Gana, ta kashe sama da 240, kuma Akra ce ta fi shan wahala. Wanda ya ga yadda siraran bututun ruwan famfo ke bi ta cikin gota a zango, wasu an ɗaure inda suka fashe da roba, ba sai an yi masa bayani ba. Idan ruwa ya mamaye bayan gidan haya na unguwa, abin da ke cikinsa ya gauraya da komai.

Bugu na biyu daga hannun hukuma ya zo. Ranar 20 ga Yuni, ana 'yan kwanaki da kama azumi, majalisar birnin Akra ƙarƙashin Alfred Oko Vanderpuije ta shiga unguwar Old Fadama da katafila da 'yan sanda da sojoji, ta rushe gine-ginen da ke bakin Odaw da Korle don a sami hanyar yashe su. Dubban mutane suka kwana a fili cikin damina. Mafi yawan mazauna wurin 'yan arewacin Gana ne, da yawa sun zo bayan rikicin ƙabilancin da aka yi can a 1994, daga cikinsu akwai 'yan mata masu dakon kaya a kasuwa da samari masu sana'ar ƙarafa. Sun yi zanga-zanga, aka tarwatsa su da hayaƙi mai sa hawaye.

Gaskiya guda ce: an cike bakin tafkin da shara da garin katako an yi gini a kai, kuma ba yadda za a yi ruwa ya wuce sai an buɗe masa. Amma a duba inda katafila ta fara da inda ta yi nauyin ƙafa. An rufe wasu gidajen mai, an taɓa wasu gine-gine nan da can, sai dai manyan gidajen da suka hau hanyar ruwa a unguwannin masu hali, da waɗanda ke cin dausayin Sakumono da na bakin kogin Densu, wuraren da Gana da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan dausayi cewa za ta kare, yawancinsu na nan, wasu ma ƙaruwa suka yi. Mai gidan bene yana da takarda da lauya. Mai ɗakin katako ba shi da ko ɗaya.

Lissafin ƙasa

Ƙiyasin da Bankin Duniya ke kawowa shi ne ambaliyar ta shafi mutum kusan 53,000, ta yi ɓarnar dala miliyan 55 a gidaje da hanyoyi da harkar ruwa da magudanai, gyaran kuma zai ci dala miliyan 105. Gyara ya kusa ninka ɓarna, domin ba amfanin a mayar da gada yadda take a jira ruwa ya sake ɗauke ta.

Waɗannan alƙaluma na abin da injiniya ke iya aunawa ne. Shaddar da ta lalace a hannun tela ba ta ciki, kwanakin mai koko ba sa ciki, alhali mafi yawan masu neman abinci a Gana irin wannan sana'a suke yi, wadda ba rajista ba rasit. Kuma gangaren Odaw ba matsugunin talakawa kaɗai ba ne, cibiyar kasuwanci ce. A nan Graphic Road take da masana'antu da rumbunan ajiya da wuraren sayar da sababbin motoci. A nan kasuwar Odawna take, da masu waya na Tiptoe Lane, da tashoshin manyan motocin da ke zuwa Kumasi da Tamale da Bolga. Can gaba kaɗan ga Kaneshie, wadda ita ma ruwa ba ya raga mata, ga masu kayan gyaran mota na Abossey Okai. Kusan duk hajar waɗannan wurare daga waje ake shigo da ita da dala. Abin da ruwa ya lalata sai an sake neman dala an sayo.

A 2015 kuwa dala ce abin da Gana ta fi rashi. Sidi, kuɗin ƙasar, na ta faɗuwa, hauhawar farashi na wajen kashi 17 cikin 100, ana cikin tsananin ɗauke wutar da aka yi wa laƙabi da dumsor, kuma a watan Afrilun shekarar ne ƙasar ta shiga shirin Asusun Lamuni na Duniya na kimanin dala miliyan 918, da sharaɗin tsuke bakin aljihu. A irin wannan hali gwamnati ta sanar da ware sidi miliyan 50 don agaji da gyara. Kuɗin da ba a tsara kashe shi ba daga wani wuri ake yanko shi, ko a ƙara bashi.

Asarar ba ta tsayawa a Akra. Motar doya daga arewa, ta albasa daga Nijar da Bawku, ta tumatir daga Burkina, idan suka iso kasuwa na cikin ruwa, kaya na ruɓewa a kan mota, asarar ta koma wa manomi da fatake. Yarinyar da ke dako a Agbogbloshie, ɗan abin da take aikawa gida ƙauye shi ke sayen taki a daidai watan Yuni, lokacin shuka. Bankin Duniya ya ƙiyasta dukiyar da ke fuskantar haɗarin ambaliya a yankin Akra da dala biliyan 3.2, kuma tana iya ninkawa huɗu kafin 2050.

Abin da aka yi, da wanda aka ce za a yi

Ba rashin sani ba ne, kuma ba rashin shiri a takarda ba. Tun wajen shekarar 2000 aka fara aikin farfaɗo da tafkin Korle da bashin ƙasashen waje, ya tafi ya tsaya. A farkon 2013 aka yi bikin ƙaddamar da babban aikin magudanai na kusan dala miliyan 600 da kamfanin Conti na Amurka, aikin bai tashi ba har ruwan 2015 ya zo. Bayan kwalara aka ƙirƙiro ranar tsabtace muhalli ta Asabar ɗin farkon kowane wata, aka yi ta da zafi, ta huce. A 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya yi alƙawarin mayar da Akra birni mafi tsabta a Afirka. Jam'iyyar NDC ta yi nata, jam'iyyar NPP ta yi nata, kowace idan tana adawa ta fi sanin maganin.

Shiri mafi girma da ya biyo bayan daren 3 ga Yuni shi ne GARID, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2019 da dala miliyan 200. Ya ƙunshi yashe Odaw, gyaran gadoji da magudanai, kula da shara, tsarin gargaɗi kafin ruwa ya iso, da gyaran unguwanni uku: Nima da Alogboshie da Akweteyman. Bai yi nisa ba korona ta shigo, aka karkatar da dala miliyan 65 daga ciki zuwa yaƙi da annobar. A 2023 aka ƙara masa dala miliyan 150. Duk bashi ne, kuma 'ya'yan mai koko na cikin masu biya.

Yasar kogin ita ce aikin da aka fi gani, don injin a bakin kogi yana kyau a hoto. Tana da amfani, amma wanda ke wucewa ta Circle ya sha ganin an kwaso laka an tara a bakin magudana, an bar ta makonni, ruwa ya zo ya mayar da ita inda aka ɗebo ta. Ko an kwashe ta gaba ɗaya, muddin titunan sama na zubo yashi, badi sai an sake biyan ɗan kwangila. A ganina abin da ya fi muhimmanci a shirin shi ne wanda ba ya ɗaukar ido: tafkunan da aka tsara haƙawa can sama wajen unguwar Atomic, su riƙe ruwa na wasu sa'o'i su riƙa sakinsa a hankali. Su ne kaɗai ke taɓa matsalar daga inda take tasowa. Amma tafki fili yake so, fili kuma a Akra ba ya jira. Duk shekarar da aka yi jinkiri sai wani ya kafa tubali, kuɗin diyya ya ƙaru.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar bashin kowa. A tilasta dokar haya ta wata shida, ko rabin tilastawa ne, iyalai da dama za su iya barin ɗakin da ruwa ya ci. A sa sharaɗi a takardar izinin gini cewa kowane sabon gida sai ya bar wani sashe na filinsa ba siminti, ko ya tara ruwan rufinsa a tanki. A riƙa rubuta masu haya ɗaki-ɗaki idan an zo rabon agaji. Ba ɗaya daga cikinsu da za a yanke wa kirtani a yi biki, ina jin shi ya sa ba mai rububinsu.

Su kuwa waɗanda wutar gidan mai ta ƙona suka rayu, gwamnati ta ɗauki nauyin jinyarsu ta farko, amma ƙuna ba ta warkewa a wata guda. Akwai masu buƙatar tiyata bayan tiyata, akwai waɗanda hannu ya ƙage ba sa iya komawa sana'a, kuma sun sha fitowa suna kokawa cewa an manta da su. Ƙungiyar OneGhana Movement ta tsaya musu, aka shigar da ƙara kotu ana neman diyya daga kamfanin man da hukumar kula da harkar man fetur da majalisar birnin. Shari'ar ta shafe shekaru ana ɗage ta.